Munzali Kada-A-Tura

Duk wanda ya taɓa sauka a Kwandiko ranar kasuwa ya ga keken nan, ko da bai lura da mai keken ba. Keken guragu ne mai taya uku, irin wanda ake tuƙawa da hannu, an shafe shi da koren fenti, a bayansa an rubuta da manyan baƙaƙe: KADA A TURA. A ƙasa kuma an maimaita da ajami, saboda dattawan garin, waɗanda su ne manyan masu laifin, ba sa karanta boko. Baƙo yakan ɗauka girman kai ne. 'Yan gari ba su musa girman kan ba, yana nan, amma ba shi ya sa aka yi rubutun ba.

Mai keken sunansa Munzali, shekarunsa arba'in da biyu. Asalinsu Fulani ne, sai dai Fulatancin ya ƙare a bakin kakarsu. Abin da ya rage musu shi ne 'yan shanu, da gonar dawa da gyaɗa, da dogon hanci. Su biyu mahaifinsu ya bari, shi da yayansa Buba, kuma mutanen gari suna cewa tun a ciki aka yi rabon gadon: Buba ya kwashe kunyar gidan gaba ɗaya, Munzali ya tashi da bakin. Buba zai yini da kai bai ce maka komai ba sai "to" da "madalla". Munzali kuwa ko saniya ya tarar ita kaɗai sai ya gaya mata ra'ayinsa a kan gwamnati.

Lokacin da yake da ƙafa, ba a yi mai tafiya irinsa a yankin ba. Shi ke kai shanu ƙasar Bauchi da rani. Da ƙafa ya nemo aurensa a Wurno, yana cewa mota ta masu ciwon baya ce, maganar da har gobe ake tuna masa da ita. A zuwa na huɗu mahaifin Munawwara ya ba shi ita, ya ce ba don komai ba sai don kunnensa ya huta.

Shekara bakwai ke nan da abin ya faru, a ƙarshen bazara. Idan ciyawa ta ƙare a daji, makiyayi yakan hau bishiya da adda ya saro wa shanu ganye. Shi da Buba karɓa-karɓa suke yi, yau wannan gobe wancan. Ranar ta Buba ce, amma ya ce kansa na sarawa. Munzali ya karɓi addar ya hau maɗaci yana yi masa tsiya, yana cewa ciwon kan da ba ya zuwa sai an ga doguwar bishiya ai abin a kai wa malamai ne. Maganar na bakinsa reshe ya karye.

Buba ya sungume shi, ya tare mai babur, suka zaunar da shi a tsakiyarsu, aka bi ramukan hanya da shi har babban asibitin Birnin Kudu. A can aka ce lakar bayansa ta katse. Wata ma'aikaciya ta tambayi yadda aka kawo shi, da aka faɗa mata ta ce don gaba, mai irin wannan faɗuwar a kan ƙyauren ƙofa ake kwantar da shi a miƙe, ba a naɗe shi. Babu wanda ya san ko bishiyar ce ta katse lakar ko babur ɗin, likitan ma ya ce bai sani ba. Buba dai yana tsaye a bakin ƙofa ya ji.

Munzali ya dawo gida bayan wata biyu, daga cibiya zuwa ƙasa ba ya jin ko cizon kunama. Bakin ne kawai ya dawo lafiya lau. Masu dubiya suna cewa Allah ya sa kaffara ne, yana cewa amin, amma da an yi shawara da shi da zazzaɓi ya zaɓa. Ƙafafun ya sa musu suna 'yan fansho. Ya ce sun yi shekara talatin da biyar suna aiki, doka ta ba su hutu, yanzu sai ci ba zuwa ofis. Duk da wannan shaƙiyancin, kullum da safe sai ya shafe su da man kaɗe, ya sa musu safa, ya sa musu takalmi sau-ciki da yake gogewa da kansa. Takalmin bai taɓa taka ƙasa ba, amma babu mai ƙyallinsa a sahun Juma'a.

Wata ƙungiya ta raba kekuna a Gwaram, ya samu ɗaya. Irin keken nan idan aka tura shi daga baya, fedar hannun takan juya da kanta, kuma a rana ta farko ta daki Munzali a haɓa. Buba bai yi wata-wata ba ya cire sarƙar ya rataye ta a jikin rumbu. Me za a yi da sarƙa ga masu turawa?

Masu turawa kuwa ba a rasa su ba. Liman ya taɓa faɗa a wa'azi cewa taimakon mai rauni sadaka ne, sai mutanen Kwandiko suka gane Allah ya ajiye musu sadaka mai taya a ƙofar gida, wadda ba a taɓa aljihu. Munzali ya koma tufka igiya da sayar da kanwa da gishirin shanu a bakin kasuwa, kuma daga gida zuwa kasuwa zuwa masallaci hannunsa bai taɓa yin komai ba sai nuni. Har gardama ake yi a kan wanda ya riga kamawa. Akwai wani dattijo, Malam Sada, wanda shi kansa da sanda yake tafiya, yakan rataye sandar ya jingina da keken ya ce turi yake yi. Amma hawan rafi, wato tudun da ke tsakanin unguwarsu da kasuwa, wannan na Buba ne, babu mai karɓa daga hannunsa. Safe da yamma, ko yana gona ko yana kiwo, sai ya bar abin da yake yi ya zo ya hau da ƙanensa.

Ga kuma dubiya da ta ƙi ƙarewa. Ta kowa sati biyu ce, ta Munzali ta shekara biyar, don zaurensa ya zama majalisa, kuma Bahaushe ba ya shiga wurin marar lafiya hannu rabbana. Mai fura da nono ya kawo, an zuba suga har cokali na tsayawa. Mai lemon kwalba ya kawo, mai rake ya kawo, mai shayi yana aiko da shayi mai kauri da safe. Wanda ya kawo kuma sai ya zauna ya ga an sha, don a nan ladan yake. Munzali ya yi tumbi, wuyansa ya cika, fuska ta yi sheƙi. Kowa ya gan shi sai ya ce masha Allahu, jiki ya yi kyau.

Munawwara ce ta gano. Wata safiya ta zo cire masa safa za ta wanke, sai safar dama ta ƙi fita, ta manne da dunduniya. Ƙarfen da yake ɗora ƙafa a keken ya goge wurin har ya zama gyambo, faɗin bakin kofin shayi, shi kuwa bai san ana yi ba. Aka yi wata guda ana barbaɗa masa duk abin da masu dubiya suka ce ya warkar da wani. Ciwon ya ƙara zurfi ya fara wari.

"Baban Barira," in ji ta, don ba ta kiran sunansa sai da na 'yarsu, "gobe Birnin Kudu za mu je. In ka ƙi, zan gaya wa Yaya Buba ya ɗauke ka ko kana so ko ba ka so."

A asibiti aka wanke ciwon aka naɗe, sannan aka soki ɗan yatsansa aka ɗiga jinin a wata 'yar na'ura. Lambar da ta fito ta sa likitan ya cire tabarau. Ya ce suga ne, ya rubuta ƙwayoyi, ya ce su dawo bayan sati biyu a yi babban gwaji a wurin Obed, ma'aikacin ɗakin gwajin jini.

Munzali ya ɗauki abin kamar ranar da jami'in dabbobi zai zo duba shanu, wato a wanke na wankewa a ɓoye na ɓoyewa. Kwana goma sha biyu ya ci gaba da karɓar dubiyarsa. Ana saura kwana biyu ya daina cin komai, sai ruwan garahuni da shuwaka yake ɗirka yana yamutsa fuska. Munawwara ta tambaye shi wane irin azumi ne wannan, ba Litinin ba Alhamis. Ya ce wannan ba na lada ba ne, na Obed ne.

Dabarar ta ci rabi. Da aka soki yatsa lambar ta sauko, Munzali ya dubi kowa a ɗakin ɗaya bayan ɗaya, ya ce dama ya san na'urar ce ba ta karya kumallo ba a wancan zuwan. Obed, wani siririn mutum marar hayaniya, ya yi murmushi ya zuƙi wani jinin a hannu ya cika 'yar kwalba.

"Malam Munzali, wancan na yau kawai yake faɗa," in ji shi. "Wannan kuwa na wata uku yake faɗa. Suga yana manne wa jini, ba ya fita don an yi yunwar kwana biyu."

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Takarda ta fito da tara da 'yan kai, inda ake son bakwai ko ƙasa da haka. Maiƙon jinin ma ya hau. Likitan bai yi kwana-kwana ba. Ya ce jinin da ya cika da suga ba ya ɗinke ciwo, kuma gyambon ya kusa ƙashi. Ya ba shi wata uku. Idan lambar ba ta sauko ba, ciwon kuma ya shiga ƙashi, za a yanke ƙafar daga ƙasan gwiwa don a ceci sauran jikin.

"A yanke mana, likita," in ji Munzali. "Ɗan fansho ne, rage ma'aikata ake yi ko'ina. Takalmi ma ƙafa ɗaya zan riƙa gogewa."

Ɗakin ya yi dariya, ban da Munawwara, don ita ta ga hannunsa ya sauka ya riƙe gwiwar gam. Gaskiyar ita ce ya tsorata, tsoron da bai ji ba ko ranar maɗaci, don ranar nan bai samu lokacin jin tsoro ba. Ƙafar nan ita ta kai shi Wurno. Ba ta jin sa, ba ya jin ta, amma tasa ce, da ita ya zo duniya kuma da ita yake so a sa shi a likkafani. Bai taɓa faɗa wa kowa haka ba, kuma ranar ma bai faɗa ba.

Daga nan aka tura su sashen gashin ƙashi, wurin Sista Sylvia, wata 'yar Filato mai faɗin kafaɗa da Hausar Jos, wadda ta shekara goma sha tana fama da taurin kan mutanen Jigawa har ta fi su. Ta karanta takardar, ta leƙa ta taga ta ga keken da aka sauko da shi daga saman mota.

"Ina sarƙar keken nan?"

"Tana rataye a rumbu, Sista. Hutawa take yi."

"To wa ke tuƙa ka?"

"Al'ummar Musulmi."

Ta ja kujera ta zauna a gabansa. Ta tambaye shi ko makiyayi ne, ya ce da can.

"To ka saurara. A jikin mutum manyan masu cin suga su ne naman cinya da na ƙwauri. Su ne shanun gidan. Duk abin da ka ci ya zama suga a jini, su ke kwashe mafi yawa idan kana tafiya. Naka sun daina kiwo shekara biyar, sun rame, kai kuma ba ka daina zuba dusa ba. Sugan ya rasa mai ci sai ya zauna a jini, shi da maiƙo. Yawancin masu ciwon laka haka suke fama, ba kai kaɗai ba ne. Amma kana da sauran dabbobi." Ta ɗan daki damtsensa da bayan biro. "Hannu, kafaɗa, ƙirji, baya. Ba su kai cinya ba, amma idan ka sa su aiki kullum har ka yi haki, za su ci. Sugan zai ragu, maiƙon banza zai ragu, mai kyau da ke share hanyar jini ya ƙaru. Ƙwaya za ta yi nata, rage zaƙi zai yi nasa, amma wannan babu mai yi maka."

"Sista, mutane lada suke nema da ni."

"Su nema a wani wurin. Duk wanda ya tura ka, aikin jininka ya karɓe maka."

Ta tsara masa yadda zai yi. Ya fara da kaɗan ya riƙa ƙarawa, kada ya ɓalla kafaɗa. Da sassafe da bayan la'asar kawai, ban da tsakar rana, don rabin jikinsa na ƙasa ba ya gumi, zafi zai iya kayar da shi. Ƙafar kuma a ɗora ta a kan matashi, dunduniyar na lilo ba ta taɓa komai. Buba yana tsaye a bakin ƙofa, kamar wancan karon, yana ji.

Aka sauko da sarƙa daga rumbu, ta yi tsatsa kamar an tono ta, aka jiƙa ta da baƙin mai aka mayar. Rana ta farko Munzali ya tuƙa daga ƙofar gida zuwa bakin rijiya, tafiyar da akuya ke yi tana tauna, ya tsaya yana haki yana kiran sunayen Allah. Tafin hannunsa ya yi bororo ya fashe. Gumi ya jiƙa masa riga ya tsaya cak a cibiya, wando a bushe.

Amma wahalar feda wasa ce a kan wahalar mutane. Garin ya ɗauki abin cin fuska. Ta yaya za ka ga gurgu yana haki a gabanka ka wuce, me za ka ce ranar gobe? Ya ce a bari, aka ce kunya ce ta Fulani, aka tura. Ya yi bayani a kan jini, aka ce Allah ya sawwaƙe, aka tura. Ya samo tsumagiya ya riƙa kai duka baya ba tare da ya waiwaya ba, har ya samu Malam Sada a yatsu. Malam Sada ya kai ƙara wurin liman, ya ce shekara biyar yana tara lada a keken nan, yanzu an kore shi ba sallama. Liman ya saurari ɓangare biyu ya ce lada dai ba a ƙwatarsa da ƙarfi. A satin ne aka yi rubutun, boko da ajami. Masu fura kuma Munawwara ta tsaya musu a zaure, tana karɓa da godiya tana miƙa wa maƙwabta ta katanga. Wasu sun yi fushi sun daina zuwa, abin da ya nuna dama ba don shi suke zuwa ba.

Buba dai ya ci gaba da zuwa safe da yamma yana bin keken a baya.

A sati na huɗu Munzali ya ce zai gwada hawan rafi. Ya hau tas, ko tsayawa bai yi ba. Ya yi ta cika baki a kasuwa, yana cewa a kawo masa ɗan dambe. Kwana uku yana hawa haka, sai abin ya fara ba shi mamaki, don a shimfiɗaɗɗiyar hanya yana haki, a tudu kuma keken sai ya yi sauƙi. Munzali mai surutu ne amma ba wawa ba ne. Ya je wurin mai gyaran babur ya sa aka ɗaura masa madubi.

Washegari da safe suna tsakiyar hawa ya duba. Ga Buba, fuskarsa na kallon sama kamar mai duban hadari, yatsunsa biyu na dama a tokare da bayan keken, daidai kan rubutun.

"Yaya, cire hannunka."

"Ban taɓa ba."

"Ina ganin ka a madubi. Kai da ko kana yaro ba ka iya ƙarya ba, yanzu da furfura za ka koya?"

Buba bai cire ba. Suka tsaya a nan tsakiyar tudu, babu kowa sai wasu tumaki. Can ya yi magana, kuma ita ce magana mafi tsawo da aka taɓa ji daga bakinsa.

"Ranar tawa ce, Munzali. Kaina kuma ba ya ciwo, ƙyuya ce kawai. Ni na naɗe ka a babur kamar buhu. Ba ni da ilimi, ba ni da abin da zan ba ka, turin nan kaɗai na iya. In ka karɓe shi, me zan riƙa yi?"

Tausayin yayansa ya kama Munzali. Shekara biyar yana zaton shi ake ɗauka a hau tudu da shi, ashe mutumin nan nasa kayan ya fi nauyi.

"Na san kanka ba ya ciwo," ya ce daga baya. "Ai ina faɗa maka ina hawa. Baya ya riga ya karye, Yaya. Ko maɗaci ne, ko babur ne, abin da aka rubuta ne, kuma wallahi ban taɓa riƙe ka a zuciya ba ko na yini ɗaya. Amma ƙafar nan tana nan tukuna. Idan aka yanke ta, wannan kam da hannunka a ciki. Yatsu biyu."

Maganar ta yi zafi, shi ma ya ji zafinta, amma bai janye ba. Buba ya cire hannunsa.

Nan take keken ya fara komawa baya. Birkinsa na jeka-na-yi-ka ne, Munzali ya danne feda da iya ƙarfinsa, damatsansa na rawa, ya ci gaba taku biyu ya dawo taku ɗaya. Buba yana gefe, hannuwansa na buɗewa suna rufewa. Da ya ga ƙanensa ya kusa saki, sai ya sunkuya ya ɗauki wani dutse kamar girman curin fura ya tare tayar baya da shi. Keken ya tsaya. Munzali ya saki feda ya zube a kujera yana numfashi.

"Wannan fa?" ya tambaya da ya samu iska.

"Wannan ba turi ba ne."

"Sai na tambayi Sista."

Ranar wankin ciwo ya tambaye ta, Sista Sylvia ta ba da fatawa cewa dutse ya halatta. A ranar farkon nan sau bakwai aka sa dutsen kafin su kai sama. Bayan sati biyu ya koma biyar, ya daɗe a huɗu har Munzali ya fara zargin tudun da ƙaruwa, sannan ya sauko uku. Bororon hannu ya zama kanta. Tumbin ya fara sauka, masu cewa jiki ya yi kyau suka koma cewa ciwon nan yana cin sa, a dai yi ta addu'a.

Da wata uku suka cika suka koma Birnin Kudu su uku. Wannan karon bai yi wa Obed azumi ba. Suna zaune a benci ana jiran takarda, Munzali ya yi shiru har Munawwara ta taɓa goshinsa ta ji ko zazzaɓi ne. Obed ya fito ya miƙa wa likita. Bakwai da ɗan ɗigo. Aka kwance bandeji, gyambon da ya kai bakin kofi ya dawo kamar ƙwayar wake, jajir, naman kirki na tasowa. Likitan ya ce ƙafa ta tsira, in dai an ci gaba. Sista ta ƙara da cewa kada ya ɗauka an gama, ranar da ya ajiye feda sugan na nan yana jiran sa a bakin ƙofa.

Munzali ya ce shi dai har yanzu yana ganin garahunin nan ne ya yi aiki a makare. Yana faɗa yana goge ido da hannun riga, ya ce warin maganin asibiti ne. Buba ya ce madalla, ya fita waje, ya daɗe bai dawo ba. Ciwon ya rufe gaba ɗaya a wata na biyar, aka mayar wa ɗan fansho takalminsa, an faɗaɗa shi an sa masa soso a dunduniya.

Shekara biyu ke nan. Yanzu kafaɗun Munzali sun fi na maƙeri, ranar Juma'a yakan zagaya gari sau biyu kafin a kira salla, yana raba wa mutane ra'ayi kyauta. Hawan rafi kuwa a numfashi ɗaya yake cinye shi. Kowa ya sani, don ana gani duk ranar da Buba ya tafi cin kasuwar Gwaram.

Amma idan Buba yana nan, daidai tsakiyar tudun sai Munzali ya rage gudu ya ce, "Yaya, kafaɗar nan." Buba ya zaro dutsen daga aljihun rigarsa, wanda ya yi sumul saboda riƙo, ya sunkuya ya tare tayar. Su ɗan tsaya, ɗaya na surutu ɗaya na cewa to. Sannan Munzali ya kama feda, Buba ya ɗauke dutsensa ya kaɗe masa ƙasa, ya bi shi a baya har sama.